Taraktar da Baba ya bar mana, da yadda na koyi sa wa aikinta farashi

Assalamu alaikum. Ina rubuta wannan ne domin masu tarakta da direbobinta, musamman waɗanda suka gaje ta, ko suka sayar da kadara suka saya suna ganin sun yi sallama da talauci. Abin da ya same ni tsakanin 2022 da 2024 ba na yi wa kowa fatansa.

An haife ni a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure a jihar Kano, cikin yankin da ruwan madatsar Tiga ke ratsawa. A wajenmu ƙasa ba ta hutu. Da damina shinkafa, da rani alkama da tumatir da albasa da masara. Saboda haka mai tarakta mutum ne da ake nema shekara zagaye, ana sallama a ƙofar gidansa tun kafin a fito daga sallar asuba. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya fara ne a matsayin yaron mota, ya zama direba, har Allah ya hore masa ya sayi tasa, tsohuwar Massey Ferguson 375 mai ƙarfin doki 75, da haro da rija da tirela. Ina firamare na fara wanke ta da sa mata giris. Kafin in gama sakandare ina iya yin haro ni kaɗai, in bi layi ba tare da na bar tsibiri a tsakiyar gona ba.

Yadda Baba yake yanka farashi shi ne yadda kowa yake yi a lokacin. Zai tsaya a bakin gona, ya kare rana da hannu, ya dubi nan ya dubi can, ya ce wannan eka ɗaya da rabi ce. Mai gona ya rantse ba ta kai ba. A ja a ja, a tsaya a eka ɗaya da kwata. Kuɗin eka kuwa na gari ne, abin da sauran masu tarakta ke karɓa shi yake karɓa. Da yamma zai zazzage aljihu a kan tabarma, ya ware kuɗin gas na gobe, ya ba direba nasa, sauran ya shiga cefane da hidimar gida. Idan mota ta lalace, a sayar da buhun shinkafa ko rago a gyara. Mitar da ke ƙirga awoyin aikin inji ta mutu tun ina yaro, ƙura ta cika gilashinta har ba a ganin lambobin, kuma ba wanda ya taɓa damuwa da ita. Ba ina faɗin haka don in rage masa daraja ba. A zamaninsa gas yana da araha, kayan gyara suna da araha, ratar da ke tsakanin abin da ake karɓa da abin da ake kashewa tana da faɗi, tana rufe duk wata ɓaraka. Da wannan motar ya ciyar da gida mai mata biyu, ya aurar da yayyenmu mata, ya sauke farali.

Ya rasu a ƙarshen 2021, bayan an kai amfani gida. Da aka zo rabon gado, dangi suka ga in an sayar da motar aka raba kuɗin, kowa zai cinye nasa a rasa tushen. Aka amince ta zauna a hannuna, ni ne babba a maza, in riƙa juya ta ana raba abin da ta kawo. A cikin magadan akwai ƙannena ƙanana waɗanda ko balaga ba su yi ba. Na karɓa da murna da kuma tsoro, amma murnar ta fi yawa, domin na san motar kamar yadda na san kaina.

Baba yana da al'adar karɓar kafin alƙalami. Manoman da suka sayar da kayan rani sukan kawo kuɗin haron damina tun da wuri don su kama layi, kada ruwa ya sauka suna jira. Na ci gaba da wannan al'ada. A watannin farko na 2022 na karɓi kuɗin mutane da yawa a kan naira 7,000 kowace eka, lokacin litar gas tana wajen naira 300. A ƙarshen Fabrairu yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukiren. Mu da muke ƙauye mun ɗauka labarin rediyo ne. Kafin ruwa ya zauna, lita ta doshi naira 800.

Ga yadda abin ya kasance a kan eka ɗaya. Motarmu tana shan wajen lita 5 a haron eka. Da, naira 1,500 ke nan a cikin 7,000. Yanzu ta koma 4,000. Direba yana da kashi 10 cikin 100 na kuɗin aiki, wato 700. Abin da ya rage 2,300 ne, kuma a ciki za a yi juyen baƙin mai, a sayi filta, a yi faci, a sauya boris ɗin haro, a ciyar da gida. Wannan ma in ekar ta tsaya eka ke nan. Yawancin gonakin da ake kira eka ɗaya sun fi haka, an dai saba kiransu da hakan ne tun zamanin kakanni. Gonar shinkafa kuma sau da yawa sai an bi ta sau biyu kafin ƙasar ta yi laushi.

Na daɗe ina juyi a kan shimfiɗa ina tunanin ko in mayar wa mutane kuɗinsu, ko in ce su yi ciko. Na je na sami mahaifiyarmu da maganar. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Babanku bai taɓa karɓar kuɗin mutum ya zo ya sauya magana ba. Kuma mutanen nan in ka mayar musu yanzu, ina za su sami wata motar?" Gaskiya ta faɗa. Kuɗin ma ba su nan, an ci wasu an biya bashin jinyar Baba da wasu. Na ce to, Umma, za a yi.

Na yi ta ƙoƙarin cika wa kowa alkawari, amma motar ce ta biya. Lokacin juye ya zo babu kuɗi, aka ɗaga. Filtar gas maimakon a sauya sai a wanke a mayar. Gas ɗin gidan mai ya gagara, na koma saye a galan wajen 'yan bumburutu, wanda wani lokaci za ka ji warin kalanzir a ciki. Lagireto ya fara ɗiga, muka riƙa yawo da jarkar ruwa muna ƙarawa. A cikin watan Yuli, a tsakiyar wata gonar shinkafa, na ji wani ƙara daga cikin injin, ƙwas-ƙwas-ƙwas, hayaƙi ya sauya launi, ta yi shiru. Ban ma yi ƙoƙarin sake tayar da ita ba. Na sauko na zauna a kan kunya, ƙafafuna cikin taɓo, na rasa ma addu'ar da zan yi.

Da wata motar aka jawo ta gida, mutane na tsaye a ƙofar gidajensu suna kallo. Bakaniken da ya saba yi wa Baba aiki ya zo ya kwance injin a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, ya jera kayan a kan kwali. Da ya zubo baƙin man a tasa, ya tsoma yatsu biyu ya murza, ya ɗaga mini a rana. Man ya yi kauri, kuma akwai ƙananan ɓarɓashin ƙarfe suna ƙyalli a ciki. Ya ce, "Ka ga wannan? Injinka ne ya niƙe kansa. Ya buga." Fisto da ringi da silif duk sun tafi, famfon gas ma yana neman aiki. Kuɗin da ya lissafa mini sun fi duk abin da motar ta kawo a daminar.

Wannan lokaci shi ne mafi ɗaci a rayuwata bayan rasuwar Baba. Akwai waɗanda ban kai ga gonakinsu ba, na jinginar da gonata ta gado na mayar musu da kuɗinsu. A gida kuwa magana ta fara tashi. Kishiyar mahaifiyarmu, wadda ƙananan yaran nata ne, ba ta taɓa faɗa mini baƙar magana ba, amma ta daina tambayata labarin mota, kuma wannan shirun ya fi mini zafi. Baffanmu ya tara mu ya ce a sayar da ita yadda take a raba, tun kafin ta koma ƙarfen gwangwan. Wasu suka goyi bayansa, kuma ban ga laifinsu ba. Na durƙusa na roƙi a ba ni shekara guda. Na daina zama a majalisa. In na fito masallaci sai in bi ta bayan layi don kada in wuce ta gaban motar da aka lulluɓe da tamfol. Maiɗakina takan tashi cikin dare ta same ni zaune a tsakar gida, ta ce, "Malam, ka shigo, sanyi." Ba ta ƙara komai a kai, ni ma ba ni da abin cewa.

A wannan shekarar aka yi babbar ambaliya a Jigawa. Da ruwa ya janye, aikin rani ya buɗe sosai a kwarin Haɗeja, ana neman direbobi. Wani abokina ya haɗa ni da wani Alhaji mai taraktoci da yawa a wajen Auyo. Na tafi da jaka ɗaya. Jiya ina mai mota, yau ina direban wani, ina kwana a rumfa da yaran da na girme su. Na haɗiye, domin akwai bakuna a gida.

A can na ga abin da ban taɓa gani ba. Alhajin yana da wani akawu, matashi da ya karanci aikin gona. Kowace safiya kafin ka tayar da mota zai zo da littafi ya rubuta lambar da ke kan mita, ya zura sanda mai alama a tanki ya rubuta yawan gas. Da yamma ya sake. Ya tambaye ka gonar wa ka yi, ƙarfe nawa ka shiga, ƙarfe nawa ka fito. Da farko raina ya ɓaci ƙwarai, na ɗauka ana yi mini kallon ɓarawo. Wata rana na kasa daurewa na ce masa, in ba a yarda da ni ba a sallame ni. Yaron ya yi murmushi ya ce, "Yaya, wallahi ba kai nake ƙirgawa ba, motar nake ƙirgawa. Zo ka gani." Ya buɗe mini littafin.

Abin da ya nuna mini a daren nan, a hasken tocilan ɗin waya, shi ne ya sauya mini rayuwa. Ya ce tarakta ba ta san eka ba, awa ta sani. Da awa take shan gas, da awa baƙin mai ke mutuwa, da awa taya ke cinyewa, da awa injin ke tsufa. Gona biyu za su iya zama girma ɗaya, amma ɗaya rairayi ce shimfiɗaɗɗiya, ɗaya laka ce mai kututture da lungu-lungu, ta biyun ta ci ninkin lokacin ta farkon. In ka karɓi kuɗi ɗaya a kansu, ta biyun ka yi ta ne daga aljihunka. Sannan ya kawo maganar da ta sa na ji jikina ya yi sanyi. Ya ce kowace awa akwai wani yanki na motar kanta da yake ƙarewa wanda ba ka gani, kuma in ba ka karɓi kuɗinsa ka ajiye ba, to kuɗin da kake kira riba kana cefane da su, motar ce kake yanka kana ci, kamar mai cin irin shuka yana murna tukunya ta cika. Na tuna tabarmar Baba da yamma, na tuna tawa.

Na zauna da shi tsawon ranin nan ina koyo. Lokacin ne aka yi ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 bayan sauya fasalin naira, manoma da yawa suna biya da buhun shinkafa, kuma na ga yadda yake rubuta kowane buhu da farashin ranar. Na sayi littafina na fara rubuta motar da nake tuƙawa, don kaina. Na gano cewa a cikin awa 10 da mita ta ƙirga, wajen 7 ne kawai ake biya. Sauran sun tafi a hanya daga gona zuwa gona, da jiran mai gona ya zo ya nuna iyaka, da zuwa shan gas. Babu wanda ke biyan waɗannan awoyi, amma motar ta sha mai a cikinsu kuma ta tsufa.

Da abin da na tara, da rancen da kawuna ya ba ni, na shiga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano na haɗo kayan inji. Allah ya taimake ni na saye su kafin abubuwa su ƙara rikicewa. A ranar 29 ga Mayu 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur, a watan Yuni kuma aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Gas dama ba shi da tallafi tun da daɗewa, amma duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya tashi, daga taya har filta. Dalar da take wajen naira 460 a farashin hukuma ta wuce 1,500 a farkon 2024. Abu na farko da na sa bakanike ya ɗaura bayan injin ya tashi shi ne sabuwar mita.

Saboda naira ba ta tsayawa wuri ɗaya, na daina lissafi da ita. Na koma lissafi da litar gas, in ya so kowace safiya in buga da farashin ranar. Ga yadda awa ɗaya ta haro take a littafina. Motar tana shan lita 8. Gyara, wato baƙin mai da filtoci da ake sauyawa duk awa 250, da giris da taya da farantan haro da boris, ina ware masa kuɗin lita 4. Direba da yaron mota lita 3. Awoyin hanya da jira lita 2. Sai rabon motar kanta. Wannan ana samunsa ne in ka tambayi kanka nawa za ka sayi irinta yau, kuma awa nawa ta rage mata kafin ta gaji. In irinta naira miliyan 15 ce, kana sa ran awa 3,000, to kowace awa tana cin naira 5,000, wanda lokacin da lita take 1,200 ya kama kusan lita 4. Na ƙarshe riba, lita 4, ita ce ake rabawa tsakanin magada. Jimla lita 25. A farashin 1,200, awa ɗaya ta tashi naira 30,000. Hekta ɗaya, wadda ta kai kusan eka biyu da rabi, tana ɗaukar motarmu awa ɗaya da rabi a ƙasa mai kyau, wato naira 45,000. Waɗannan lambobin na motata ne da ƙasarmu. Wanda tasa sabuwa ce, ko ya ci bashin banki ya saya, ko ƙasarsa ta fi tauri, lambobinsa za su bambanta, sai ya auna da kansa.

Lissafin bai ba ni wahala ba kamar faɗarsa. Ranar da na fara gaya wa mutane sabon farashi, da cewa daga yau da waya zan zagaya gona in auna, gari ya ɗauka. Aka ce ɗan marigayi ya je Haɗeja ya koyo boko. Aka ce ubansa mutumin kirki ne, shi kuwa kuɗi ya sa a gaba. Wanda ya fi yi mini nauyi shi ne Baffa, wanda Baba ya yi shekaru yana yi wa haro a rabin kuɗi, wani lokaci ma kyauta. Gonarsa da ake kira eka uku, da na zagaya ta sai ga ta ta haura huɗu.

Ya kira ni zaure. Ya ce, "Yanzu ni za ka auna wa gona da waya? Ni da ubanka ciki ɗaya muka fito."

Na ce, "Baffa, ku yi haƙuri. Da motar tawa ce ni kaɗai, wallahi ko sisinku ba zan karɓa ba. Amma akwai haƙƙin yaran nan a ciki."

Ya ce, "Wane yara?"

Na ce, "Marayun ɗan'uwanku, Baffa. Duk abin da na rage muku, daga rabonsu na rage."

Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce in tashi in ba shi wuri. Na fito hawaye na zuba. Wannan magana ba daga kaina na ƙirƙiro ta ba. Kafin nan na je wajen malaminmu na shimfiɗa masa komai, ya tuna mini gargaɗin da ke cikin Suratun Nisa'i a kan cin dukiyar marayu, ya ce wanda aka damƙa wa amanar dukiyar da maraya ke da rabo a ciki ba shi da ikon yin alheri da ita, sai dai da nasa kason. Tun daga ranar na daina jin kunyar farashina. Akwai wata tsohuwa da mijinta ya rasu, Baba yana yi mata haro kyauta duk shekara. Har yau ina yi mata, amma ina rubutawa a littafi, kuma kuɗin gas da na mota ina cire su daga rabona ni kaɗai.

A daminar 2023 na rasa masu hulɗa da yawa. Akwai masu motocin da ke karɓar ƙasa da nawa, mutane suka koma can, kuma manomi yana da gaskiyarsa, shi ma taki da iri da magani sun sha masa kai. Akwai ranakun da motar ta yini a ƙofar gida ina jin ƙarar na wasu a gonaki, zuciyata na ce mini in rage. Abin da ya riƙe ni shi ne na riga na san cewa aikin da kuɗinsa bai kai na lita 21 a awa ba, wato lita 25 ɗin nan in an cire riba, zaman motar ya fi shi alheri, domin a zaune ba ta cin komai.

Abin da ya fara dawo da mutane shi ne gani da ido. In manomi ya yi gardama, sai in cika tanki a gabansa har baki, a yi aikin yana tsaye, a gama in ɗauko jarka mai awo in sake cikawa yana ƙirgawa. Gani ya kori ji. Wasu kuma na ce su kawo gas ɗinsu daga gidan mai, su biya ni sauran. Da yawa daga cikinsu a ranar suka fara sanin abin da mota ke sha. Kuma na lura manomi ba ya son jin maganar awa, yana tsoron direba zai riƙa jan jiki don lokaci ya tafi. Saboda haka awa tana cikin littafina, amma a gona mai kyau da hekta ko eka nake faɗa masa kuɗi, bayan an auna. Inda nake tsayawa a kan awa shi ne sabon saran da ke da kututture, da ƙananan fulotai masu yawan juyi, da jan tirela, da juya injin sussuka. A nan mu biyu za mu dubi mita kafin a fara, mu dube ta bayan an gama. Aikin da bai kai rabin awa ba kuɗin rabin awa ne. In gona tana da nisa, ina cewa mai ita ya haɗo maƙwabtansa a yi musu rana ɗaya, a raba kuɗin hanya. Kafin alƙalami kuwa ina karɓa, amma na kama layi ne kawai, farashi sai na ranar aiki. Wanda zai biya da kaka, da adadin buhu muke yin magana tun farko, a gaban shaida.

Maganar direba ita ma na daɗe a kanta, domin na zauna a kujerar. Direban da ake biya kaso daga kuɗin aiki, hankalinsa yana kan yawan gonaki. Zai sa giya babba, ya ɗan ɗaga haro don mota ta yi sauri, ya bar kusurwoyi, ƙasa ta fito sama-sama, mota kuma ta sha wahala. Wanda aka yanka wa kuɗin wata ko da aiki ko babu, shi kuma ba ya gaggawar komai, wani ma ya saci jiki da dare ya yi aikin gefe da gas ɗin maigida. Ba duka ne suke haka ba, amma tsarin biyan ne ke tura mutum. Yanzu ina biyan direbana da awar da mita ta nuna a cikin gona, da kuɗin abinci kullum, kuma na san awar da kowane irin aiki ya kamata ya ci, don haka in ta zarce zan tambaya. A ƙarshen damina, in mota ta fita lafiya ba ɓarnar ganganci, yana da buhunan shinkafa na musamman. Shi ne yanzu yake tuna mini lokacin juye ya kusa.

Rabon motar ba ya kwana a gida. Na buɗe masa asusu daban a banki, kuma saboda naira na zubewa, in ya taru nakan mayar da shi kayan gyara ko shinkafa in ajiye. A 2024 tayar baya ta fashe ana tsakiyar aiki. Na shiga Kano da safe, da la'asar mota tana gona, ban sayar da akuya ba, ban buga ƙofar kowa ba. A kan hanyar dawowa na riƙa yi wa Allah godiya a fili har mai motar da na hau ya waiwayo. Na fanshi gonata a ƙarshen shekarar, na biya kawu. Duk ƙarshen damina da ƙarshen rani nakan tara magada in karanta musu littafin, shigar kuɗi da fitarsu, in ba kowa nasa. Ranar da na fara kai wa kishiyar mahaifiyarmu rabon yaranta, ta riƙe kuɗin ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ya jiƙan mahaifinku," ta juya ta shiga ɗaki da sauri.

Baffa har yanzu wata motar yake ɗauka. Muna gaisawa, ina zuwa gaishe shi ranar Juma'a, bai sake tayar da maganar ba, ni ma haka. Wasu daga cikin waɗanda suka tafi sun dawo, musamman bayan motoci biyu da ke karya farashi a yankinmu sun kwanta. Ban yi farin ciki da hakan ba, na san abin da masu su ke ji, kuma ɗaya daga cikinsu ya zo mun zauna na nuna masa littafina shafi-shafi.

Abin da ke gabana yanzu shi ne ƙarancin awoyi. Ko da noman rani, akwai watannin da motar ke zaune, kuma idan awoyin shekara suka yi kaɗan, tara kuɗin wata motar zai ɗauki lokaci mai tsawo, farashinta kuma yana ta gaba. Ruwa yana riga sauka a kudancin Kaduna da jihar Neja kafin ya iso mana, don haka ni da wannan abokin sana'ar mun shirya mu kai motocinmu can a watan Afrilu, mu yi aikin farkon damina, mu biyo ruwa zuwa gida. Mun riga mun sami wanda zai haɗa mana manoma, kuma kuɗin babbar motar da za ta ɗauke mu zuwa da dawowa mun raba shi a kan awoyin da muke sa ran yi a can.